Igiyar Sarkin Ƙofa

A zamanin sarkin da ya ƙwace sarauta daga hannun wansa, ana gab da girbi, wan ya dawo da runduna ya kewaye garin. Hatsi ya nuna a gonaki, mutane na hangensa daga kan ganuwa, ba halin yanka.

A lokacin ba a rubuta sunayen dakaru. Wata doguwar igiya ce a rataye a zauren Sarkin Ƙofa. Duk wanda ya shiga aikin tsaro sai ya yi ƙulli a jikinta da hannunsa, kowane ƙulli kuma yana da mudun hatsi daga rumbun fada. In mutum ya mutu, sai a kwance ƙullinsa, mudu ya tsaya.

Sarkin Ƙofa ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ya gaji da binne yaran da aka haifa a gabansa. Ran da kibiya ta kashe ɗan yayarsa, ya miƙa hannu zai kwance ƙullinsa, sai ga yayar tasa a bakin zaure.

Ta ce, "Ka kwance, marayun nan su ci me? Ƙasa?"

Ya ce, "Yaya, doka ce."

"Doka! Ni na goya ka kana zubar da majina, yau kai ne mai doka?"

Ya janye hannu. Da ya bar ɗaya kuwa, bai ga idon da zai hana sauran matan ba. Maza na faɗuwa, igiya na nan a cike.

Wata safiya sarki ya shigo zauren da kansa, ya ja igiyar yana shafa ƙulle-ƙullen, fuskarsa ta washe.

"Ashe mazanmu na nan! Gobe a buɗe ƙofa, mu far musu. Ko da magana, Sarkin Ƙofa?"

Tsohon ya leƙa waje. Mata sun yi layi da ƙorai, yayarsa a gaba. In ya faɗi gaskiya, yau ɗin nan za a rufe musu rumbu.

Ya sunkuya ya ce, "Ranka ya daɗe, igiya tana yadda ka gan ta."

Sarki ya fita da rabin mutanen da ya zata yana da su. Bai dawo ba. Sarkin Ƙofa ma ya dogara sanda ya bi su, ba a ga gawarsa ba.

Da wan ya hau gado ya ji abin da ya faru, sai ya kafa doka: a taɓa ƙulli, a kira mai shi, ya amsa da bakinsa. Daga baya takarda ta zo, amma a garin, jerin sunayen masu aiki, na fada ko na kasuwa, igiya ake ce masa.

Wasu na yabon tausayin tsohon. Matan da ya ciyar dai sun kwana da ƙoshi, washegari suka binne sauran 'ya'yansu. Sarkin da ya ƙirga mazansa bai dubi fuskarsu ba kuwa, shi ya jawo wa kansa.