Wasiƙar da Ta Kwana Sha Tara a Aljihu

"Kwana nawa ta yi a hannunka?"

Sabitu bai ɗago ba. Yana tsaye a ƙofar siton fatun da yake wa akawu, bayan tashar jirgin Nguru, yana murza makulli a tafin hannu.

"Suwaiba, ki saurare ni..."

"Tambayarka na yi, Yaya Sabitu. Kwana nawa?"

"Sha tara."

Suwaibatu ta dubi takardar. Duk ta yi laushi saboda ninki da gumin aljihu. Makarantar ungozoma ta Maiduguri ce ta kira ta ganawa ranar Litinin.

Litinin ɗin da ta wuce.

Shekara biyu tana jiran wannan takarda. Da farin shekarar tamanin da huɗu ya cinye shanun da mahaifinta ke fatauci, sai ya kwashe iyalinsa daga Nguru ya koma Gashua, gidan yayarsa Gogo, mutum tara a ɗaki biyu. A can ba su da akwatin gidan waya. Sai ta rubuta lambar akwatin maigidan Sabitu a fom ɗinta, tunda makullin yana hannunsa. In ba ta yarda da wanda iyayensa suka je gaisuwa gidansu ba, da wa za ta yarda?

"Duk Juma'a ina aiko direban a-kori-kura ya tambaye ka. Duk Juma'a ka ce babu."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Kaltum ta ce duk wadda ta sa farin kaya a Maiduguri, likita take aura. Ta ce ni kuwa, warin fata kaɗai za ki tuna."

Suwaibatu ta yi wata gajeriyar dariya. Kaltum 'yar kawunsa ce, ta daɗe tana kai masa tuwo ba wanda ya aike ta.

"Ka san wanda ya gaya mini takardar tana aljihunka? Kaltum ɗin. Har Gashua ta taka, wai ta zo duba Gogo."

Hannunsa ya daina murza makullin.

"Sahibata... wallahi don kada in rasa ki ne."

"To ga shi ka samu."

Ta juya. Ya kira sunanta sau uku. A na ukun ta kusa tsayawa.

A Gashua ta zuba littattafanta cikin kwalla ta rufe. Kogi ya riga ya koma yashi, masunta sun kife jiragensu a bakin gaɓa. Ita ma ta kwanta, fuska ga bango.

Mahaifinta magana ɗaya ya yi.

"Na aika gidansu su haƙura. Wanda ya ɓoye takarda yau, gobe zai ɓoye magani."

Abin da ya fi yi wa Suwaibatu zafi shi ne, har lokacin in ta ji ƙarar mota daga hanyar Nguru, sai ta kasa kunne.

Gogo ungozomar unguwa ce, ba ta iya lallashi ba. Wata rana da hantsi ta yaye mata mayafi.

"Tashi, uwar kwanciya. Matar maƙwabcinmu Ajimi tana kan gwiwa, ni kuma idona ya fara ci baya."

"Gogo, ni na bar wannan harka."

"Ki bar ta gobe. Yau ɗauko mini reza da zare."

Jaririn ya fito shiru, igiyar cibiya naɗe a wuyansa. Gogo na lalube. Suwaibatu ta tuna zanen da ta taɓa gani a littafi, ta zura yatsa ta warware, ta yi ta murza masa baya har ya tsala kuka.

A hanyar komawa, nata kukan ya zo.

Gogo ba ta rage sauri ba. "Yi abinki, 'yar nan. Amma ki yi kina tafiya."

Da suka koma gida, Suwaibatu ta buɗe kwallar littattafanta. Shafi ɗaya a rana, ba ƙari. Wata rana takan karanta layi sau goma, fuskar Sabitu kawai take gani. Ta sake cike fom, ta sa adireshin Sista Magdalene, wata malamar jinya da Gogo ke kai wa masu wahalar haihuwa.

Wasiƙun Sabitu uku suka zo ta hannun direba. Ba ta buɗe ba, ba ta kuma ƙona ba. Daga nan suka ɗauke.

Da kaka aka kawo goro. An ɗaura aurensa da Kaltum.

Ran nan shafi biyu ta karanta.

Shekara ta zagayo, takarda ta zo, ta je ganawa, aka ɗauke ta. Mutane na ta barka. Ita dai ta laluba zuciyarta tana neman murna, ta tarar da gajiya.

Ranar tafiya, a tashar motar Gashua, ta ga Sabitu jingine da rumfar mai shayi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Na ji za ki tafi."

"Gaskiya aka gaya maka. Ina amarya?"

"Tana nan. Suwaiba... ki yafe mini."

"Na yafe tun bara. Ba don kai ba. Kayan ne suka yi mini nauyi."

"Na san za ki kai."

"Ni ban sani ba. Har yanzu ban sani ba."

Ɗan kamasho ya buga jikin mota. "Maiduguri, saura mutum ɗaya!"

Ta shiga ta zauna gefen taga. Gogo ta miƙo mata ƙullin busasshen kifi, ta koma gefe tana goge ido da bakin mayafi. Direba ya tada injin. Sabitu ya matso har ya dafa ƙarfen taga.

Ta daɗe tana kallon hannun.

"Abu ɗaya nake ta juyawa, Yaya Sabitu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Motar ta fara motsi. "Da ka miƙo mini takardar nan ran da ta zo, ka dube ni ka ce, Suwaiba, kada ki tafi... kana tsammanin da na tafi?"