Garkuwar Gidan Gawo

Bayan sallar la'asar Malam Lauwali ya turo babur ɗinsa ƙofar gida, ya ce wa matarsa Tasalla zai leƙa makaranta ya ɗauko wani abu.

"Wace makarantar? Wadda aka rufe?"

"Garkuwa zan ɗauko. Jibi zan zauna gaban manyan ilimi, kin sani. Hedimasta suke nema a Babura."

"Da guntun katako za ka shiga musu?" Ba ta daina tankaɗe ba. "Malam, wurin nan ko akuya ba a ɗaurewa yanzu. Ka bari sai da safe mana."

"Ke dai jahilci ya yi miki katutu."

"To, mai ilimi, Allah ya kiyaye hanya."

Makarantar kwana ce ta maza, a gindin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa. An kasa yaran gida-gida, kowane gida da sunan bishiya da malamin da ke kula da shi. Gidan Gawo na Malam Lauwali ne. Mutum ne mai guga har a kan hankici, wanda ya ɗauki tsafta addini, muddin akwai mai kallo. Kullum kafin magariba sai yaransa su jeru, yatsun ƙafa a kan layi, hannuwa a miƙe, ya bi da tsumagiya yana duba farce. Doka ɗaya ya kafa musu, ya kuma kafa ta a bayansu: inda Malam ya ajiye ka, nan za ka tsaya sai ya sallame ka.

Shekarar da kwalara ta shigo ƙasar nan, da damina ta iso yankin Kazaure. Ranar da babban baƙo zai zo daga Kano ya ba da garkuwar tsafta, yara uku a Gidan Gawo suka tashi da amai da gudawa: Daudu, wanda shi ne babba a ɗakin, da Toma ɗan wani birkila, da Hamma ɗan Fulanin Gwiwa, ƙaramin cikinsu. Malam ya dube su, ya dubi daɓen da aka kwana ana gogewa. Ya sa aka kai su ɗakin akwatuna da ke ƙarshen zauren kwana. Ya hana a ba su ruwa, don a ganinsa abin da bai shiga ba ba zai fito ba.

"Kada in ji ko tari. Kada wanda ya fito sai na ce."

Baƙo ya zo, ya shafa tagogi da yatsa, ya yaba. Gidan Gawo ya ci garkuwa. Ba a gama tafi ba duba-gari ya iso da umarnin a rufe makaranta nan take. Motoci suka kwashi yara, ana kuka ana jifa da akwatuna. Malam Lauwali ya ɗora iyalinsa, ya gudu Kazaure, hankici a hanci.

Da aka tuna da yaran nan, sai dai wanka da likkafani. Ƙofar ɗakin ko sakata ba ta da ita. Randar ruwa tana nan bakin baranda, cike. A shekarar gawa ta yi yawa, ba wanda ya sami sukunin tambaya. Malam ya yi ta'aziyya cikin farar riga, ya ce annoba ba ta da magani sai haƙuri.

Wannan ita ce garkuwar da ya taso ɗauka.

Hanyar ta fi yadda ya san ta lalacewa. Ruwa ya zaizaye ta, ga yashi. Sai da rana ta faɗa bayan dutse ya shiga harabar. Ciyawa ta kai gwiwa a filin ƙwallo. Ƙarfen da ake bugawa a kira yara yana rataye jikin darbejiya, ya yi tsatsa. Ya kashe babur a gindin gawon da ke bakin Gidan Gawo. Shirun da ya biyo baya ya yi masa nauyi a kunne. Ko gyare ba ya kuka.

Ya tura ƙofa. Warin aizal, maganin wanke daɓe, ya tare shi, da na kashin jemage, da na farar ƙasa mai ɗanshi. Gadajen ƙarfe a jere, babu katifu. Can tsakiyar bango garkuwar take, tagullarta tana ɗaukar sauran hasken taga. Ya ji daɗi. Ya hau kan gado, ya zare ta daga ƙusa, ya hure ƙurar, har ya tsaya duba fuskarsa a jikinta.

Sai wani wari ya taso ƙarƙashin na aizal ɗin. Ƙarni ne, kamar ruwan da aka wanke ɗanyen kifi.

Ƙwas.

Ƙarar kofin silba a kan daɓe. A hankali, kamar an ajiye shi da ladabi.

Ya ce a ransa ɓera ne. Ya sauko. Wayar gadon ta yi kuka a ƙarƙashinsa, ta yi shiru.

"Malam."

Raɗa ce. Murya busasshiya, kamar ana murza karan dawa.

"Malam, baƙon ya tafi?"

Bai juya ba. Ƙofar fita tana gabansa, a buɗe, sararin waje ya yi ja. Ya ƙanƙame garkuwar.

"Ba mu yi tari ba, Malam."

Ya juya.

Ƙofar ɗakin akwatuna a buɗe take. Su uku suna tsaye daga ciki, yatsun ƙafa daidai kan dokin ƙofa, a layi. Daudu a dama, Toma a tsakiya, Hamma a ƙarshe. Idanunsu sun faɗa can ciki. Leɓɓansu sun tsage. Sun miƙo hannuwa, bayan hannu a sama, don lokacin duba farce ya yi.

Yatsun sun yamushe, kamar na wanda ya wuni yana wanki.

"Mun yanke, Malam," in ji Toma. "Duba."

Malam Lauwali ya nemi addu'a a bakinsa. Duk abin da ya haddace ya gudu, ba abin da ya rage sai jadawalin sau biyu.

"Ƙishi," in ji Hamma. Hausarsa har yanzu ba ta nuna ba. "Baffa Malam, ƙishi."

Daudu ya zungure shi da gwiwar hannu. "Yi shiru. Ba a tambaye ka ba." Sannan ya russuna kaɗan. "Mu fito, Malam?"

Kalma biyu ake nema a wurinsa. Ya san su. Sau dubu ya faɗe su a wannan zauren, yana kaɗa tsumagiya. Amma in ya sallame su, ta ina za su bi? Hanyar randa ta gabansa take.

Ya ɗaga hannu don ya kare fuskarsa. Hannun na rawa. Yatsun suka kaɗa ƙasa, suka sake kaɗawa.

Haka yake yafito yaro.

Suka tako.

Babu ƙarar sawu. Sai dai ƙarnin ya matso.

Ya ja baya, ƙarfen gado ya doke shi a ƙwauri. Suka zo a jere, ba mai wuce wani, hannuwa a miƙe. Hamma ya fara isowa. Ya kama wuyan hannun Malam da yatsunsa masu sanyi, a hankali, kamar yaron da ke son a tsallakar da shi titi.

Gumin da ke jikin Malam ya ƙafe.

Yawun bakinsa ya ƙafe.

Harshensa ya manne a ganɗa. Ya ji idanunsa suna bushewa, suna ja da baya cikin kwarminsu. Ya dubi hannunsa. Fatar yatsun tana tattarewa.

Toma ya kama ɗaya hannun.

Daudu yana miƙowa wajen maƙogwaro.

Ba imani ne ya cece shi ba, ba kuma nadama ba. Hali ne. Daga can ƙasan cikinsa tsohuwar tsawar nan ta ɓalle.

"Wa ya ce ku motsa? Ku tsaya nan!"

Suka sake shi. Suka daidaita ƙafafu. Suka sunkuyar da kai.

"To, Malam."

Ya fita da rarrafe. Babur ya ƙi tashi, ya tura shi da gudu cikin ciyawa har ya kama. Bai waiwaya ba. Mutumin da ya yar da hularsa da takalmi ɗaya a zauren nan, ya iso Kazaure da garkuwa a hammata.

An ba shi hedimasta. Manyan ilimi sun ce rabon da su ga malami mai kishin aikinsa haka an daɗe. A Babura abin da ya fara yi shi ne soke duba farce, iyaye suka yi ta sa masa albarka, wai mutum ne mai tausayin yara. Sai dai ba ya rabuwa da buta. A ofis, a masallaci, a kan babur, yana sha yana lasar leɓe. Yatsunsa ba su sake miƙewa ba, shi ya sa ya koma gaisawa da mutane hannu cikin riga.

Da aka buɗe makarantar bayan annoba, yara suka ƙi kwana a Gidan Gawo. Aka mai da shi wurin ajiyar kujerun da suka karye. Masu kiwo da ke bi ta wajen da magariba sun ce akan ji ana tambaya a hankali ko baƙo ya tafi.

Tasalla kaɗai ya gaya wa, a daren da ya dawo. Ta ce, "To ka koma da rana tsaka, ka tsaya daga bakin taga, ka ce kun sallamu. Shi ke nan fa, Malam. Ko sisi ba za ka kashe ba."

Ya ce sai an yi hutu. Da aka yi hutu ya ce sai bayan damina. Haka har ya yi ritaya.

Ciwon ajalinsa ya ja. Likita ya sallame shi, malamai suka yi ta karatu a kansa, rai ya ƙi fita. Yana kwance, idanu a rami, hannuwa biyu a miƙe, bayan hannu a sama. In an mai da su ƙarƙashin mayafi sai su sake fitowa. Garkuwar tana rataye saitin kansa, an goge ta tas.

Ƙanwarsa Saude, da ta gaji da zaman jinya, ta ja Tasalla gefe.

"Yaya, wai me bawan Allahn nan yake jira?"

Tasalla ta matse tsumma, ta ɗiga masa ruwa a leɓe. Ruwan ya ɓace kamar a kan yashi.

"Sallama yake jira," in ji ta. "Masu ba shi kuwa, ya ce kada su motsa."