Goɗiyar Da Ba Ta Dawo Ba

Ranar da Thora Keogh ta ja goɗiyarta Biddy zuwa rumfar badukun garin Gunnedah, majayin sirdi kawai ya tsinke. Amma Alby Rourke na ɗaga ido ya ganta, aikin rabin sa'a ya koma na kwana huɗu.

"Kai baduku, ɗinki kake yi ko kiwon sirdin?"

"Sauri ya haifi nawa, Kurciyata."

Ta harare shi, amma washegari ma ta dawo.

Mahaifinta, mai dubban tumaki, ya ce 'yarsa ba za ta ƙare cikin warin fata ba, ga Dermot ɗan maƙwabcinsu yana jira. Da yaƙi ya ɓarke, tsohon ya miƙa wa soja Biddy, ko shawara bai yi da 'yarsa ba. Alby ya ga hawayen Thora, ya shiga rundunar mahaya a matsayin baduku. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma baki shi ke yanka wuya.

"Da hannuna zan dawo miki da ita."

Daga Masar ya rubuto: "Kurciyata, rairayi na cin fata, kullum ina faci. Bayan Biddy ko ƙwarzane babu, bargona nake shimfiɗa mata a ƙarƙashin sirdi. Naki, Alby."

Da yaƙi ya ƙare, aka ce ba dokin da zai koma gida, don tsoron cuta. Tsofaffin aka aske musu geza da wutsiya, aka harbe su, har da Biddy. Alby da kansa ya kwance wa Biddy sirdi. Kunya ta kashe masa hannu, bai sake rubuta ko layi ɗaya ba.

Wata uku da dawowarsa yana ɓuya a rumfa. Thora ta ɗauka wata ya samu, har ta kusa amsa wa Dermot. Sai dai zuciya ta ƙi, ta je ta tsaya a kansa.

"Ashe kana da rai?"

Bai iya kallonta ba. Ya jawo wata ragama da ya kitsa da gashin wutsiyar Biddy, ya ajiye a gabanta.

"Abin da na iya dawowa da shi ke nan. Da wane ido zan dube ki?"

Ta rungume ragamar ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska.

"Kai dai an yi sakarai. Tun bara na san dawakai ba za su dawo ba, duk gari ya sani. Kai nake jira, ka ƙara mini shekara guda a banza."

Da mahaifinta ya ga ragamar, jikinsa ya yi sanyi. "Ni na ba da ita, yaro, ba kai ba. Allah ya yi muku albarka."

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin. Mata suka kawo wa amarya furanni, ta ce su riƙe, hannunta ba wuri. Ragamar Biddy ta riƙe har gaban limamin cocin.