Tsamiyar Bakin Layi

A wani gari an yi wata mata mai sayayya ta waya. Ko allura take so, sai babur ya kawo, ya turnuƙe unguwa da hayaƙi. Kullum in ta yi sayayya takan ƙara kuɗin dashen itatuwa don rama ɓarnar hayaƙin, ta ce, "Ai na biya na daji."

Ran nan tsamiyar bakin layi ta hana motar kayanta wucewa. Ta sa aka sare.

Tsohon da ke saƙar tabarma a gindinta ya ce, "Hajiya, shekarata talatin a nan."

"Baba, ai na biya na daji."

Washegari ta same shi cikin rana, ta nuna masa saƙon waya: an dasa mata itace a wata ƙasa mai nisa.

Ya ce, "Madalla. Yaushe babur zai kawo inuwar?"