Jakar da Ba a Buɗe Ba

"Wallahi ba za ka buɗe jakar nan a gidanmu ba," in ji Mahbuba, ta dafe bakin jakar da hannunta.

Abdulrauf ya tsura wa hannun ido. Yatsun sun kumbura sun yi suntum, zoben da ya saya mata ya koma jikin sarƙar wuyanta. Da ya sauke ido ƙasa, silifas ɗin babanta ne a ƙafarta, nata sun daina shiga.

"Minti biyu ne fa, Habibti. In auna jininki, hankalina ya kwanta."

"A zauren Baba? Hajiya ta fito ta tarar kana naɗe min hannun riga? Cikin fari ne fa, so kake a ce ba mu da ta ido?"

"Kan naki fa?"

"Yana ɗan sarawa... wani lokacin in ga wasu taurari-taurari. Hajiya ta ce kowace mace haka take yi. Litinin ranar awona ce, zan je."

Sati uku ke nan da aka dawo da ita gidan iyayenta a Fagge goyon ciki. Mutanen Barno ne tun kakanni, gida ne da kunya ta yi wa katutu. Shi kuwa Abdulrauf aikinsa yawo ƙauye-ƙauye tare da wata ƙungiyar lafiya, yana koya wa magidanta alamomin haɗari ga mai ciki. Duk abin da ta lissafa yana nan a katin hotunan da ke cikin jakarsa.

Suna cikin haka mahaifiyarta Hajiya Zara ta fito za ta unguwa. Ya zube ƙasa ya gaishe ta. Maganar ta zo har bakinsa ta tsaya. Mutumin da yake tara maza hamsin a gindin bishiya ya yi musu faɗa, yau ya kasa ɗaga kai gaban mace ɗaya.

"Hajiya, za mu ƙauye kwana huɗu, a sa mu a addu'a."

Ta ɗan tsaya, idonta ya sauka kan jakar, sannan ta kau da kai. "Allah ya tsare hanya."

Mahbuba ta raka shi bakin ƙofa tana jan ƙafa. "Kada ka tafi kana fushi da ni, Malam likita. Ka zo min da zuma."

A ofishinsu na Sabon Gari, abokiyar aikinsa Sista Nneka tana loda akwatunan allura a mota. Haifaffiyar unguwar ce, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa.

"Yaya amarya? Ka auna ta?"

"Litinin za ta asibiti."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya yi kamar bai ji ba, ya shige mota.

Ƙauyen da suka sauka ko ɗigon sabis ɗin waya babu. Ran Asabar ya tsaya gaban magidanta, ya ɗaga hoton ƙafar da ta kumbura. "Duk wanda ya ga wannan a jikin matarsa, kada ya jira gobe. Ko a gidan surukai take, a ajiye kunya a yi magana." Ya sauke katin, ya ƙi haɗa ido da Nneka. Kafin la'asar wani manomi ya kawo matarsa a kan babur, aka auna, aka wuce da ita asibiti. Mutumin har da ɗurƙusawa wajen godiya, shi kuwa ji yake kamar ana zuba masa garwashi a ƙirji.

Ran Lahadi ya kasa daurewa, ya ari babur ya fita bakin titi. Wayar na kama sabis saƙonni suka fara shigowa a jere. Na ƙarshe daga yayansa ne: duk inda kake ka taho gida.

Jijjiga ce ta kama Mahbuba ran Asabar da hantsi, tana tsaka da tsintar shinkafa. An ciro jaririya da rai. Mahbuba ba ta farka ba. Kafin ya iso Kano har an kai ta.

Kwana uku yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidan surukansa, yana amsa gaisuwa da bakin da ba ya jin nasa ne. Ran na huɗu aka ce Hajiya tana kiransa. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa shiga ɗakinta ba.

Ya tarar da ita da jaririyar a cinya, a gabanta ga ɗaya daga katunansa, wanda Mahbuba ta taɓa ɗauka tana tsokanarsa wai za ta zama ɗalibarsa.

"A cikin kayanta na tsinta," in ji Hajiya, ta ɗora yatsa kan hoton ƙafar. "Ranar da ka zo sallama... ka gani?"

"Na gani, Hajiya."

"Ka kuma san abin da yake nufi."

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Hawayen da ya riƙe kwana uku suka ɓalle. "Kunyarki na ji. Ni na kashe ta, Hajiya, abin awon yana hannuna."

Ta ajiye katin gefe. Da ta buɗe baki, muryar ta dushe.

"Kwana biyu ƙafar nan tana hana ni sukuni. Na ga jakarka, na san abin da ke ciki. Ba unguwa za ni ba ranar, fitowa na yi in ce ka duba min ita." Ta goge ido da gefen mayafi. "Da ka ɗurƙusa, sai na kasa."

Jaririyar ta motsa, ta fara ɗan kuka. Hajiya ta miƙo masa ita da hannu biyu, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tun safe nake jin jikinta da ɗumi. Buɗe jakar, Abdulrauf. Duba min ita."