Sunan da Ke Ƙasan Fosta

Ruwan sama ne ya koro Hazem cikin shagon, ko da yake daga baya ya yi ta rantsuwa wai dama can ya nufa. Ruwan Iskandariyya a watan Janairu ba ya sallama. Ya shigo jiƙe sharkaf, jita rataye a bayansa, yana ɗiga a gaban teburin Ustaz Fathallah, tsohon da rabin allunan shagunan unguwar Attarin rubutun hannunsa ne.

"Salamu alaikum, Baffa. Sunan ƙungiyarmu nake so a rubuta mana da hannu, na kwalin faifai da na fosta."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Ƙungiyar me?"

"Ta kiɗa. Gishiri da Tsatsa."

"Allah Ya sawwaƙe. Alƙalamina bai saba da ganga ba. Ja baya, kana jiƙa min takarda."

Daga ƙuryar shagon aka ƙyalƙyale da dariya. Hazem ya waiga ya ga wata yarinya a gaban kwamfuta, yatsunta baƙi ƙirin da tawada, ta kare bakinta da gefen mayafi. Tasnim ke nan, 'yar Ustaz tilo. Ta karanci zane a jami'a, ita ke yi wa shagon duk aikin kwamfuta, sannan shekara goma sha ɗaya tana koyon rubutun ƙawa a hannun ubanta.

"Waye Gishirin, waye Tsatsar?" ta tambaye shi.

"Ni ne Tsatsar. Sauran ukun su ne Gishiri."

"Ai kuwa an gani."

Ruwa ya tsagaita, Hazem bai tsagaita ba. Sai da ya sha shayi kofi biyu yana roƙo kafin tsohon ya yarfa hannu ya ce, "Ga ta nan, in tana da lokacin ɓatawa." Tasnim ta karɓi aikin bisa sharaɗi ɗaya: kada sunanta ya fito a ko'ina. Hazem ya ce to, a ransa yana cewa kunya ce irin ta 'yan mata.

Ba kunya ba ce, kuma da ya tambaya da an faɗa masa. A wajen masu wannan rubutu, ɗalibi ba ya sa sunansa a ƙasan aiki sai malaminsa ya ba shi ijaza a gaban shaidu. Ko ya kai shekara ashirin yana koyo, haka zai yi ta rubutu ba suna. Wanda ya sa suna kafin lokaci tamkar ya ce wa duniya malaminsa ba shi da sauran amfani. Tasnim ba ta da wani buri da ya wuce wannan takarda, kuma uban bai taɓa ko ambatonta ba.

Su Hazem ba su da kamfani a bayansu. A ɗakin ajiye kaya na kawun mai gangarsu suka naɗi waƙoƙi tara, su ne mawaƙa, su ne 'yan talla, su ne 'yan dako. Tasnim ta saurari waƙoƙin har ta haddace, sannan ta ɗauki hoton wata tsohuwar taga a unguwar Bahari wadda iskar teku ta cinye ƙarfenta. Ta zaɓi kwali mai kaushi, ruwan ƙasa, ta ce faifan nan bai dace da sheƙi ba. Sunan ƙungiyar kuwa da alƙalamin kara ta rubuta shi, sau sittin da wani abu, kafin ta yarda da guda ɗaya.

Hazem ya kan zo duba aiki kullum bayan la'asar. Aikin da bai canja ba tun jiya ma sai ya zo ya duba.

Ya tura mata saƙo: "Uwar Tawada, na ƙara kallon rubutun. Ban san sunanmu yana da kyau ba sai da ya bi ta hannunki."

Ta mayar masa: "Mai Hayaniya, daɗin baki ba ya busar da tawada. Ka turo min jerin waƙoƙin."

"Zan turo. Amma ki faɗa min, wacce kika fi so?"

Sai da ta yi sallar magariba ta amsa: "Ta bakwai. Wadda ba ka yi ihu a ciki ba."

Ta bakwai ita ce wadda ya rubuta a makon da ya fara ganinta. Bai faɗa mata ba, ita ma ba ta nuna ta sani ba, har ranar da ya raka ta tashar jirgin taram ta Raml, ya tsaya yana murza igiyar jitarsa.

"Tasnim, in na turo mahaifiyata da kawuna wajen Ustaz, za ki ji haushi?"

"Zan ji haushi in suka zo da ganga."

"Da gaske nake."

Ta sunkuyar da kai. "Ni ma da gaske nake jira, Hazem."

Suka zo da kwalin kayan zaƙin nan kunafa da kyakkyawar magana. Ustaz ya karɓe su da mutunci, ya saurara, ya ce zai yi tunani. Bayan sun tafi ya ce wa 'yarsa, "Mutumin da sana'arsa iska ce, a kan me za ki jingina?" Yana da wanda yake so a ransa, kuma kowa a Attarin ya sani: Midhat, babban ɗalibinsa, mai ijaza tun shekara biyar, mai tsabtar riga da tsabtar rubutu. Ba mugun mutum ba ne Midhat. Kawai dai ya daɗe yana kallon shagon da 'yar mai shagon a matsayin abu ɗaya.

Ana cikin wannan jira aka kai fosta maɗaba'a, Hazem ne ya kai. Shi kuma yana da tsohon ciwo: ya taɓa rubuta waƙa wani ya rera ta a rediyo, ba a ko ambaci sunansa ba. Tun daga ranar ya ɗauki alwashin ba zai taɓa cin gumin wani a ɓoye ba. Ya tsaya a kan mai injin ya ce a ƙara layi ɗaya can ƙasa, daidai inda aka sa rana da wurin taron ƙaddamar da faifan: Tasnim Fathallah ce ta rubuta. Aka buga ɗari huɗu. Ranar Juma'a da hantsi suka bi gari da bokitin gam, daga Bahari har Sidi Gabir.

Ya tura mata: "Uwar Tawada, leƙo titi. Yau duk Iskandariyya za ta san hannunki."

Kafin ta leƙa, Midhat ya riga ya ɓamɓaro guda daga bangon kusa da masallaci, ya shimfiɗa ta a kan teburin malaminsa. Ya ɗora yatsa a kan layin.

Ustaz ya karanta sau biyu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu ya tattara alƙalumman Tasnim, ya zuba a aljihun tebur, ya murɗa makulli.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Abokaina za su gani. Ɗalibaina za su gani. Wadda ta ba kanta ijaza a bangon titi ba ta da bukatar tsoho irina. Ki ce wa yaron nan tunanin da na ce zan yi, na gama."

Tasnim ta kira Hazem tana kuka, haushi ya fi kukan yawa.

"Abu ɗaya na roƙe ka! Ɗaya tak!"

"Haƙƙinki ne, Tasnim. Ke kika yi aikin, don me za a ɓoye ki?"

"Waye ya ce maka ɓoye ni aka yi? Jira nake! Shekara goma sha ɗaya ina jiran mutum ɗaya ya ce min sa sunanki, kai ka zo ka faɗa a madadinsa. Kyauta ka yi min da abin da ba naka ba."

Ta kashe wayar. Saƙonni shida ya tura a ranar, na ƙarshen ya ce: "Na ɗauka ina ɗaga ki ne, ashe tsaninki na ture. Ki yafe min, ko ba yau ba." Ba ta amsa ko ɗaya ba.

Washegari Hazem ya sayi reza da rula, ya tara abokan ƙungiya ya ce za a yanke ƙasan kowace fosta. Mai ganga ya dafe kai.

"Kai, ka haukace? Rana da wurin taro a layin suke! In ka yanke, wa zai san inda za mu yi wasa? Shekara biyu muna jiran ranar nan!"

"Na sani. Wanda ba zai iya ba ya zauna, ba zan riƙe shi ba."

Sun zage shi son ransu, sannan suka bi shi, domin haka abota take a garin nan. Kwana uku suna yawo bango bango, masu shaguna suna musu dariya, wani ɗan sanda ma ya tsare su yana tambayar ko talla suke ko ɓarna. Aka bar gari cike da fostoci masu kyau waɗanda ba sa cewa yaushe ko a ina. Sun yi shela a intanet, amma masu bin su a can ba su taka kara sun karya ba. Ranar taron, zauren da ke ɗaukar mutum ɗari uku bai samu hamsin ba. Hazem ya rera waƙoƙinsa tara ga kujeru, zuciyarsa na ciwo, bai kuma yi da-na-sani ba.

Da safe ya tafi Attarin. Ya ajiye ɗaurin tsilla-tsillan takardu a gaban Ustaz, yatsunsa duk filasta.

"Ɗari uku da tamanin da bakwai ne, Baffa. Ɗaya tana wajenka, sauran ruwa ya wanke su. Laifina ne ni kaɗai, ita ta hana ni tun ranar farko. Ban zo neman aure ba. Alƙalumanta na zo roƙo ka mayar mata."

Tsohon ya kwance ɗaurin, ya zaro ɗaya, ya ga ranar taron a gefen sunan 'yarsa. Ya fahimci abin da yaron ya yanke.

"Midhat, je ka sayo mana shayi." Da Midhat ya fita, ya juya wajen 'yarsa. "Zo nan, Tasnim. Kai ma tsaya, tunda ka tsoma kanka."

Ta matso, idonta a ƙasa.

"Ranar da aka kawo min fostar nan, sunan na gani. Da kowa ya watse na zauna na kalli rubutun. Na nemi aibu ban samu ba, kuma Allah Ya sani na nema. Hannunki ya kai tun shekara uku da suka wuce, 'yata. Ni ne ban kai ba."

"Baba…"

"Bari in gama. Duk ɗalibin da na ba ijaza, sai ya sumbaci hannuna ya je ya buɗe nasa wurin. Midhat kaɗai ya zauna, shi ya sa na so shi. Tun rasuwar mahaifiyarki nake tsoron ranar da zan buɗe shagon nan in tarar da kujerarki ba kowa. Sai na riƙe takardarki, na kira abin ladabi. Tsoro ne."

Tasnim ta durƙusa ta kifa fuskarta a gwiwarsa tana kuka. Hazem ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kafa wa kwalbar tawada.

"Kai kuma, Tsatsa," in ji tsohon yana goge tabarau, "har yanzu ban yarda kiɗa sana'a ba ce. Amma mai yin kuskure ya bi gari da ƙafa yana gyarawa, ana iya ba shi amana. Ka ce wa kawunka ya dawo. Kunafar nan ta wancan karon sukari ya yi mata yawa."

Midhat ya dawo da shayi ya tarar zance ya ƙare. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, kuma don a faɗi gaskiya, shi ya fara cewa Allah Ya sanya alheri.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a wani ɗan masallaci da ke Bahari. Aka raba jan lemon sharbat, mata suka rangaɗa guɗa, 'yan Gishiri uku suka zo cikin kwat ɗin aro. An gama shafa fatiha ke nan Ustaz ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya kira wasu tsofaffi biyu, abokan sana'arsa, suka warware wata doguwar takarda mai ruwan zinare a gefe, suka sa hannu a matsayin shaidu. Ya miƙa wa amarya da hannu biyu.

"Na ba ki izini, Tasnim. Ki sa sunanki a ƙasan duk abin da kika rubuta, a faifai ne ko a bango. Ki je duk inda kike so ki buɗe wurinki."

Ta karɓa, ta sumbaci hannunsa, ba ta saki ba.

"Baba, hutun mako ɗaya nake roƙo. Asabar ta sama, ƙarfe tara, ina kan kujerata."

Tsohon bai yi irin faɗan da ya saba ba. Sai ya kamo hannun Hazem ya ɗora a kan nata, ya dafe su duka biyun.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce a hankali. "Allah Ya ba ku 'ya'yan da za su yi haƙuri da ku kamar yadda aka yi da ni."

Masallaci ya ɗauka da amin.