Gidan da Ba a Taɓa Yin Suna a Cikinsa Ba

Yaya Tabawa, 'yar wan babana, ita ta fara ba ni labarin gidan nan na bayan marina. Muna tsinkar zogale ta faɗa min, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce an sha haihuwa a gidan, amma ba a taɓa yin suna ba. Na ce ta ji da bakinta. Tabawa ko kyanwa ta gani a kan katanga sai ta ce ba kyanwa ba ce.

Abin da ya kawo maganar, jikana Nazifi ne ke son sayen gidan. Tela ne. Shi da matarsa Rumasa'u suna haya a ɗaki ɗaya, ga ta da tsohon ciki, mai gidan kuma ya ce su tashi kafin wata ya mutu. Sai dillali ya nuna masa wannan: zaure, ɗaki biyu, rijiya, makewayi, a tsakiyar birni, kuɗinsa bai kai na fili a bayan gari ba. Yaron nan ya zo min yana rawar jiki. Na ce, mijin nawa, kai ɗinki ka sani, gida kuwa sai mace ta duba. Ya karɓo min makulli.

Da dillalin za mu je bayan la'asar. Na jira shi a bakin lungu har rana ta yi ja, bai zo ba. Na ce ni da na binne miji na aurar da 'ya'ya bakwai, gida ne zai ba ni tsoro? Na shiga ni kaɗai.

Lungun matsattse ne, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Na buɗe kwaɗon, na yi sallama kamar yadda ake yi ko da kango ne. Shiru.

Na fara dubawa. Na ƙwanƙwasa bango da sandata, ginin ƙasa ne mai kauri, an yi masa shafen siminti. Na ɗaga kai na duba azara, babu gara ko ɗaya. Indararo lafiya lau. Na shinshina ɗakunan, ba warin danshi. Na jefa tsakuwa a rijiya, ruwa kusa. Ƙofar makewayi ce kawai ta ruɓe, wannan kuwa aikin kafinta ne na yini ɗaya. Gaskiya gidan ya shiga raina. Ƙarami ne, amma na fara rayuwa ne.

Abu ɗaya ya tsaya min. An ce shekara huɗu ba kowa a ciki, amma tsakar gidan a share take. Ga sawun tsintsiya nan, layi-layi.

Na ce ƙila dillali ne ya sa aka share don masu saye.

To, ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Mu idan muna duba gidan da mai ciki za ta shiga, abu biyu muke nema: inda za a girka tukunyar wankan jego, da inda za a binne mabiyiya. Ba a yar da mabiyiya. A gida ake haƙa mata rami, a wanke ta, a rufe, inda ruwa ba ya kwanciya kuma ba a takawa. Na zaga bayan ɗakin gabas na sami wata kusurwa, ƙasa mai laushi, a bushe. Na sa bakin sanda na zana da'ira. Kuma da bakina, a fili, na ce nan za a binne ta ɗan Rumasa'u.

Na ambaci suna. Wannan shi ne kuskurena.

"Kin iya zaɓe, 'yar nan."

Na juya. Wata tsohuwa ce zaune a kan turmi a gindin rijiya. Da na jefa tsakuwa ba turmi a wurin. Ta lulluɓa da baƙin zane na saƙi, irin wanda rabona da gani tun ina budurwa. Ni mai shekara saba'in da ɗoriya, ni take ce wa 'yar nan.

Na sake yin sallama. Ta ce maraba. Ba ta amsa sallamar ba.

Na tambaye ta ko maƙwabciya ce. Ta ce ai ta riga katangar zuwa. Tana gabana, ina kallon bakinta yana motsi, amma muryar daga bayan kunnena take fitowa. Na ce a raina tsufa ne ya taɓa min ji.

Ta yi ta yabon gidan. Ta ce ba ya yoyo, ba kunama, da zafi akwai sanyi. Ta ce masu shigowa ne ba su da haƙuri, kwana shida sai su kwashe kaya. Duk tsawon hirar ba ta ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba. Tsohuwa kuwa ko tari ta yi sai ta ambace shi.

Sai ta nuna min kusurwar da haɓa. Ta ce in duba da kyau.

Na duba. Gefen da'irata akwai wasu. Ƙananan tudu, kamar an kife ƙoƙo an rufe da ƙasa. Na ga biyar, na daina dubawa.

"Duk wanda aka binne tasa a nan, namu ne," in ji ta. "Na Rumasa'u namiji ne. Mun karɓa."

Ta miƙe. Zanen ya ɗan ɗage, na ga ƙafafunta.

Ƙafafun jariri ne. 'Yan mitsi-mitsi, jajaye, masu laushi, irin waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba. A kansu wannan doguwar tsohuwa take tsaye.

Ban yi ihu ba. Na fara ja da baya ina karanta Ayatul Kursiyyu, tana kakkarye min a baki. Ba ta biyo ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara, tana zagaye da'irar nan a hankali don kada ta goge.

A bakin lungu na ci karo da dillalin, ana kiran magariba. Na tambaye shi wa ke share gidan. Ya ce makulli ɗaya ne, ga shi a hannuna. Na ce ya kalle ni ya faɗa min ko zai kai matarsa ta haihu a ciki. Sai ya hau gyaran hula.

Da na isa gida na tarar da Nazifi da Rumasa'u suna jirana su ji sakamako. Na faɗa musu komai, har da kuskuren da na yi. Nazifi ya ɓata rai. Ya ce Yaya Tabawa ce ta cika min kunne, ya ce ido na tsufa da duhun magariba me ba za su nuna wa mutum ba.

"Kaka, shekara shida ina taka keke don in ga ƙofar da zan ce tawa ce. In na bar wannan, ina zan kai ta?"

Tausayinsa ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Amma na ce masa gida ana sake samu.

Rumasa'u ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai kunya, ba ta maganar cikinta a gabana. Sai da Nazifi ya fita alwala ta matso, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, tun gab da magariba ɗan bai motsa ba. Da kuwa ba ya barin ta ta zauna.

Na hana su tafiya. Na kwantar da ita a gadona, na sa hannu a cikin. Shiru, kamar na dafa tulu. Na ce wa Nazifi gari na wayewa asibiti za mu, amma akwai abin da zan fara yi.

Ku riƙe wannan daga bakina. Kada ɗayanku ya shiga duba gidan da ba kowa shi kaɗai, balle rana ta yi ja. In kuma kun shiga, ku duba da ido, ku bar bakinku a rufe. Ba ku san wa ke saurare ba.

Washegari ina sallame asuba na ɗauki fartanya na zaga bayan ɗakina, inda na binne ta uban Nazifi da ta ƙannensa shida. Na yi bisimilla na haƙa rami har gwiwar hannu. Na kira Rumasa'u ta tsaya a bakinsa, na kira Nazifi ya zama shaida. Na ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji, na ce maganar jiya na janye ta, ni na faɗa kuma ni na janye, ta ɗan Rumasa'u a nan za a binne ta, cikin danginsa.

Muka tsaya.

Can sai yarinyar ta dafe ciki ta sunkuya. Ta kamo hannuna ta ɗora. Ya harba, har sau biyu.

Na ce wa Nazifi ya mayar wa dillali makullinsa, daga nan ya samo mai adaidaita mu je a duba ta. Kafin ya dawo na kwashe kwanukana da akwatina na kai ɗakin ajiya kusa da madafa, na shimfiɗa tabarmata a can. Ɗakina kuwa na share musu shi tas.